Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a kan faifan nan

Alhamdulillahi. Jiya aka miƙo mini sabon faifan ajiya, na buɗe na tarar da babukan kundin bincikena a jere, ga hotunan marigayi Baba, har da muryarsa da muka ɗauka a shekarunsa na ƙarshe. Ba komai aka samo ba, wasu bidiyoyi sun lalace, amma abin da ya hana ni barci ya dawo. A gajiye nake matuƙa, kuma kun bi labarin tun farkonsa, yadda tsohon faifana na ajiya (hard disk) ya lalace da duk waɗannan a cikinsa har na kai shi wurin mai gyara, don haka ba sai na maimaita ba. Godiya ce ta kawo ni.

Yaya, na san ba ka son a ambace ka, ka yi haƙuri, yau kam sai na faɗa. Daren da faifan ya fara ƙas-ƙas-ƙas ɗin nan, Windows ta fito da saƙo wai sai an yi masa fomat kafin ya buɗe, jikina rawa yake yi lokacin da na kira ka. Ba ka yi mini dogon bayani ba. Cewa ka yi: “Kada ka danna komai. Zare shi, ka ajiye, kada ka sake jona shi da sunan gwaji.” Sannan ka ƙi kashe wayar. Ka sa na ɗauko biro da takarda na rubuta irin ƙarar da na ji, da abin da nake yi lokacin da ta fara, da fayilolin da suka fi muhimmanci a wurina. Ina kuka ina rubutu, kana kan layi kana jira har numfashina ya daidaita. Wallahi ba zan manta da wannan jiran ba. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya raya maka zuri'a, ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani.

Sai a wurin mai gyaran na gane nauyin maganarka. Ya ce farantin da ke cikin irin wannan faifan yana juyawa sau 5400 a minti ɗaya, allurar da ke karanta shi kuma shawagi take yi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa ba ta kai kaurin gashi ba. Idan allurar ta samu matsala, duk kunnawa ɗaya tana iya kartar farantin, kuma inda ta karta ya tafi ke nan har abada. Shi ma bai taɓa fayil ko ɗaya a kan faifan nawa ba sai da ya canza allurar a ɗakin da ƙura ba ta shiga, ya kwafe faifan ɗungurungum zuwa wani, sannan ya yi aikinsa a kan kwafin. Malam mai gyara, takardar nan da na rubuta ka karɓa da hannu biyu ka karanta a natse. Allah ya yi wa sana'arka albarka.

Waɗanda suka turo shawarwari, na san da zuciya ɗaya kuka yi, na gode. Amma don Allah a daina cewa a sa faifai a firiza, raɓa ce za ta taru a cikinsa. A daina cewa a kwance shi da sukudireba a duba. Ko da gogewa aka yi bisa kuskure, bayanan suna nan zaune, sunansu kawai aka cire daga jeri, sai an rubuta wani abu a kansu suke ɓacewa, shi ya sa ba a sauke manhajar ceto a kan faifan da ake son cetowa. Mai SSD ma, wato faifan ajiya marar faranti, ya fi kowa buƙatar kashewa da sauri, domin shi da kansa yake share gurbin abin da aka goge.

Ƙanwata da ta ba ni aron kwamfutarta ba tare da na roƙa ba, da abokan karatuna da suka tono tsofaffin babukan da na taɓa tura musu ta imel, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya yaye muku duk abin da ya dame ku. Akwai 'yan uwa na jini da suka ji, suka ce ai kwamfuta ce kawai, ko sannu ba su kira sun yi ba, alhali muryar da ke ciki ta mahaifinmu ce gaba ɗaya. Ya yi mini ciwo, amma na bar wa Allah.

Masu tambayar lambar mai gyaran, ku ba ni zuwa gobe, sai na nemi izininsa tukuna.