Farantin gidan abinci da tukunyar gida: ina kuɗin yake tafiya?

Duk wanda yake cin abincin rana a waje ya ga yadda farashin faranti ya tashi tun daga tsakiyar 2023, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce 1,000 a garuruwa da yawa. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta kai 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a watan Yunin 2024. Wannan kowa ya ji shi a aljihunsa. Abin da ba a cika zama a lissafa ba shi ne: a cikin kuɗin da ka miƙa wa mai abinci, nawa ne na abincin kansa, kuma idan ka ɗora tukunya a gida nawa za ka rage da gaske?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce girkin gida ya fi sauƙi, shi ke nan. Gaskiya ce ga mai iyali. Ga gwauro, ko ɗalibi, ko ma'aikacin da yake zaune shi kaɗai a ɗaki, sau da yawa ba haka ba ne. Abin da yake raba su shi ne girman tukunya.

A fara da shinkafa da miya, tunda ita aka fi saya. A awon Kano, buhu mai kilo 50 yana ba da kwano kusan 20, wato kwano ɗaya kilo biyu da rabi ne. Babban mutum yana ƙoshi da ɗanyar shinkafa giram 150, domin idan ta dahu tana ninka nauyinta kusan sau uku. Ke nan rabin kwano yana fitar da faranti takwas. Farashin da zan sa a nan misali ne don a ga yadda lissafin yake, kowa ya cire ya sa na kasuwar unguwarsu. A ce buhu naira 70,000 ne, rabin kwano ya kama 1,750. Kayan miya, wato tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, 1,500. Man gyaɗa kwatan lita 750. Nama rabin kilo 3,000, wanda zai ba da yanka takwas matsakaita. Magi da gishiri da kayan ƙamshi 300. Gas 400. Ruwa da sabulun wanke-wanke 200. Jimilla naira 7,900, kowane faranti da namansa ya tsaya wajen 990. Idan aka cire nama ya dawo wajen 610.

Duba inda nauyin yake. Shinkafar da kowa yake kuka da ita ba ta kai kwatan kuɗin tukunyar ba. Nama shi kaɗai ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa idan kaya suka yi tsada mai abinci ba ta fara taɓa shinkafa, yankan nama take fara ƙanƙantawa, sai mai ya ragu a miya, sai a ƙarshe ta sauya cokalin zubawa. Farashin yana nan yadda ka san shi, farantin ne ya rame. Ga nama kuma yana tsukewa a wuta: kilo ɗaya ɗanye yakan rasa kwata ko fiye na nauyinsa idan aka tafasa aka soya, ban da ƙashi da kitse.

Yanzu a ɗauki mutum ɗaya da zai dafa faranti ɗaya tak. Ba zai sayi kwano ba, gwangwani zai auna a shagon unguwa, inda aka riga aka ɗora riba a kan farashin sari, a ce 300. Mai kayan miya ba zai ba shi kashi ɗaya cikin takwas na abin da mai iyali ya saya ba, ƙaramin kashi dai a ce 500 ne. Mai na ƙulli 200, magi da gishiri 100. Wuta kuwa ba ta san yawan masu ci ba: shinkafar mutum ɗaya da ta mutum takwas duk kusan minti 25 zuwa 30 suke yi, miya ma sai ta soyu tsaminta ya fita, a ce gas na 250. Ya kashe 1,350 bai ga nama ba, ya ɓata awa guda, ga wanke-wanke yana jiransa. Idan mai abincin bakin titi tana sayar da farantin nan a kan 1,000, to ita ce mai arha, domin ita ma tukunyar mutum hamsin take ɗorawa, a kan itace, da kayan da ta saro a kasuwar 'Yankaba ko ta Dawanau a Kano.

A nan ya kamata a bambanta masu abinci, domin ba a haɗa su a kwando ɗaya. Mai tuwo-tuwo ko mai garau-garau da take zaune a rumfa, 'ya'yanta ne ma'aikatanta, ba ta biyan wutar lantarki, hayar wurinta kaɗan ce. Ribarta a kan faranti 'yar ƙarama ce, da yawan ciniki take tsira. Gidan abinci mai na'urar sanyaya ɗaki da kujeru da masu kai faranti wani lissafi ne daban. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka daɗe suna bi ita ce kayan abincin kada su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na farashin da aka rubuta. Farantin naira 4,500 ke nan abincin cikinsa na wajen 1,500 ne. Sauran 3,000 ɗin na haya ne, da albashi, da wuta, da man janareta, da robobin zuba abinci, da abin da ya kwana bai sayu ba, sannan riba.

Waɗannan sauran kuɗaɗen su ne suka fi yin tsalle. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauto shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Gidan abinci mai firiza uku da na'urorin sanyi a babban titi yawanci a wannan rukunin yake. Idan aka ɗauke wuta kuma dole janareta ya tashi, in ba haka ba naman firiza ya lalace. A watan Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ƙananan gidajen abinci da yawa ba sa biyan haka, amma ma'aikacin da kuɗin adaidaita sahunsa ya ninka ba zai zauna a tsohon albashi ba. Sai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da manyan wurare suke ɗorawa a ƙasan rasit, a Legas ma akwai ƙarin kashi 5 na jiha a kan otal da gidajen abinci. Wasu wuraren suna ƙara kuɗin hidima a kai. Kafin ka yi oda, tambayi ko farashin da ke jikin takarda ya haɗa da haraji.

Wannan ne ya sa da hatsi ya sauko a 2025, masara da gero da shinkafa suka yi sauƙi a kasuwanni, farashin faranti bai biyo su ƙasa ba. Mutane suna cewa zalama ce, kuma akwai masu zalamar. Amma ko buhun shinkafa ya faɗi da kashi 20 cikin ɗari, abin da ya ragu a farantin 4,500 bai kai naira ɗari ba, mai gidan haya kuwa bai rage ko kwabo ba. Mai girki a gida shi yake cin moriyar sauƙin hatsi kai tsaye.

To wane abinci ya fi dacewa a saya, wanne ya fi dacewa a dafa? A ganina duk abin da yake buƙatar jiƙo da niƙa da mai mai yawa, ga ƙaramin gida sayensa ya fi. Waina sai an jiƙa shinkafa, an kai inji, an bar ƙulli ya tashi, a samu tanda. Ƙosai sai an surfa wake, an niƙa, an buga, sannan a zuba mai kusan lita guda a kasko don a soya na mutum biyu, man kuma ba zai koma yadda yake ba. Alale da funkaso da tsire duk haka suke. Tuwo da miyar kuka na mutum ɗaya ma malmalar mai tuwo ta fi sauƙi.

Inda ake yanka mai saye kuwa shi ne abinci mai saurin dahuwa da abin sha. Indomie da ƙwai a teburin mai shayi, taliya, soyayyen dankali, kwatan kaza, lemon kwalba. Kiret ɗin ƙwai guda 30 ne, raba kuɗinsa ka gwada da abin da ake caji idan an soya maka biyu. Kaza guda ana yanka ta gida huɗu, a babban gidan abinci kwata biyu sukan biya kuɗin kazar gaba ɗaya. Zoɓo na gwangwani ɗaya da citta da kanumfari da sukari yana cika jarkar lita huɗu. Wanda ya ci a waje amma ya sha ruwan da ya taho da shi daga gida ya riga ya rage wani abu mai kauri a wata.

Shi ma girkin gida yana da ramukan da kuɗi ke zurarewa, kuma na farko shi ne wuta. Kan gas matsakaici yana cin giram 150 zuwa 200 a awa idan an buɗe shi sosai, don haka tukunya mai kilo 12.5 ya kamata ta ba da awa 60 zuwa 80 na girki a kai ɗaya. Idan tana ƙarewa da wuri, duba abu uku. Ko ba a cika maka ita daidai ba: nauyin tukunyar ba gas a rubuce yake a jikinta, a auna kafin a zuba da bayan an zuba. Ko tana yoyo: a shafa kumfar sabulu a bakin tiyo da wurin da kan ya haɗu da tukunya, in ya yi ƙwai-ƙwai akwai matsala, kada a gwada da ashana. Ko kuma wutar tana ci ja ko rawaya tana baƙanta gindin tukunya, alamar ƙofofin kan sun toshe, a cire a wanke a tsokace su. Bayan haka, ruwa idan ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wuta. A rufe tukunya a rage wuta, abincin zai dahu a lokaci ɗaya da rabin gas.

Wake shi ne babban maƙiyin gas. Wanda ba a jiƙa ba yana iya shan awa ɗaya da rabi, musamman tsohon wake. A jiƙa shi tun dare, ko a ɗora shi a kan gawayi, ko a sa 'yar kanwa kaɗan, in ta yi yawa tana ɓata ɗanɗano da launi. Ganda da ƙafar sa da kayan ciki ma na gawayi ne. Gidan da ya ajiye gas don shayi da ɗumame da miya, ya bar dogon dahuwa ga kurfoti, shi ya fi cin riba.

Rami na biyu shi ne kayan miya. Tumatir yana arha daga wajen Janairu zuwa Maris, lokacin da na noman rani daga Kadawa da Kura da Garun Malam yake cika kasuwa, sannan ya yi wuta daga Mayu zuwa tsakiyar damina. A 2024 tsadar ta kai har gidaje da yawa suka koma miyar da ba tumatir. Maganin tsoho ne: a sayi kwando lokacin arha a yanka a shanya ya zama kauɗa, ko a markaɗa a tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, a zuba a kwalaben da aka tafasa, a rufe samansa da mai. Idan aka bar ruwa a ciki ko aka sa jiƙaƙƙen cokali, fumfuna za ta hau. Lokacin tsada kuma kuka da kuɓewa busasshiya da karkashi da miyar gyaɗa ba sa neman tumatir ko kaɗan.

Na uku shi ne abin da ake zubarwa, kuma nan ne lissafin babbar tukunya yake iya rushewa. Dabarar da za ta sa gwauro ya ci ribar girki ita ce ya yi miyar kwana uku ko huɗu a lokaci ɗaya, ya riƙa dafa shinkafa ko taliya sabuwa. Amma inda wuta ba ta tsayawa, firji akwati ne kawai. Miyar da aka soya da kyau da isasshen mai tana jurewa idan ana tafasa ta safe da yamma, ba a sa mata cokalin da aka ci da shi. Miyar ganye da ta gyaɗa da ta agushi ba sa jure haka, a zafin Afrilu kafin yamma sun yi tsami. Dafaffiyar shinkafa ta fi su haɗari, domin akwai ƙwayar cutar da take tsira daga tafasa, ta hayayyafa idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi, gubar da take bari kuma ɗumame ba ya kashe ta. Kular da aka zuba wa shinkafa da safe aka buɗe da daddare ba abin amincewa ba ce. A auna daidai ci, gwangwanin madara ɗaya a cike ga babban mutum, abin da ya ragu a baza shi ya huce da wuri a sa a sanyi, in ba sanyin a bayar tun yana da kyau.

Ga ma'aikacin ofis ko ɗan kasuwa da ke da iyali, hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara masa hannu ɗaya a tukunyar gida. Faranti na tara a tukunyar mutum takwas ba ya ƙara gas, ba ya ƙara magi, giram 150 na shinkafa ne da ludayin miya, abin da bai wuce naira 400 ba a lissafin da ke sama. Idan yana sayen farantin 1,500 kwana 22 a wata, 33,000 ke nan, kusan rabin mafi ƙarancin albashi, alhali kular gida ba za ta kai 9,000 ba, da yankan nama kullum ta tsaya wajen 17,000. Sai dai a nemi kula mai riƙe zafi da gaske, a ɗauraye ta da tafasasshen ruwa kafin a zuba, a zuba abincin yana tururi, miya a wani mazubi daban, kuma a ci kafin la'asar.