Yadda muke fama da mura da tari a gidanmu mai tsofaffi huɗu

Mu nan ba mu saba da gidan ajiye tsofaffi irin na Ingila da Amurka ba, inda za ka kai uwarka ka biya kuɗi wasu su riƙa yi mata hidima, a wurinmu ma abin kunya ne. Amma in ka duba manyan gidajenmu na gado a nan Birnin Kebbi kusan abu guda ne, albashi ne kawai babu. Namu gidan tsofaffi huɗu gare mu, Inna kakata, abokiyar zamanta Hajiya Ƙarama, ƙanen kakanmu da muke ce ma Baba Malam, sai wata baiwar Allah da 'ya'yanta sunka rasu anka ba ta ɗaki. Duk sun haura 70, biyu na da hawan jini ɗaya na da ciwon suga, kuma ni ke hidimarsu tunda ni ce ba ni fita aiki. Duk hunturu sai mun sha abu ɗaya, yaro ya kwaso mura a makaranta kwana kaɗan ya ware ya koma tsalle-tsallensa, ita kuwa tsohuwa ta kwanta har abin ya sauka ƙirji ya zama nimoniya sai asibiti.

Gwaggona tsohuwar nas ce ta yi ritaya, ita ta zaunar da ni lokacin korona a 2020. Ta ce a ƙasashen Turawa gidajen tsofaffi na cikin inda anka fi yin asarar rayuka, dalili kuwa an tara masu rauni wuri ɗaya suna shaƙar iska ɗaya, ga ma'aikata na fita wannan ɗaki su shiga wancan. Sai ta nuna ni da yatsa ta ce to a gidanga ke ce ma'aikaciyar. Tun ranar na ajiye buta da sabulu bakin kowane ɗaki, in na gama da ɗaya sai na wanke hannu sosai har tsakanin yatsu, kamar daƙiƙa 20, kuma wanda ke tari shi nake yi ma hidima a ƙarshe.

Taga ita ce rigima ta farko. Tsoho da hunturu ya toshe ko'ina da tsumma, ya saki labule, a kawo mai kaskon gawayi ciki, a ganinsa sanyi ne cuta. To sanyi da ƙura na busar da hanci da maƙogwaro, wannan gaskiya ne, amma ƙwayar cutar daga numfashin mutum take fita, in ɗaki na kulle nan za ta tsaya tana yawo. Gawayi kuma a rufaffen ɗaki akwai iskar guba da yake fitarwa wadda ba ta da wari, mutum sai ya yi barci bai tashi ba. Abin da munka daidaita a kai shi ne da hantsi in rana ta ɗaga a fito da kowa tsakar gida da bargonsa, a buɗe ƙofa da taga, a yayyafa ruwa kafin shara saboda ƙura, a shanya shimfiɗa. Kasko ya ɗumama ɗaki a fitar da shi kafin kwanciya. Inna har yau sai ta ce min, ke kishiya so kike sanyi ya kashe ni ki gaje ɗakin, ni ko in ce Inna ai gadon naki ya yi min ƙanƙanta, a haka dai ake buɗewa.

Dubiya kuwa ta fi komai wuya wallahi. Da an ji Hajiya ba lafiya sai ka ga mata sun cika ɗaki, takalma bakin ƙofa kamar gidan suna, wata na tari wata ta goyo yaro majina na zuba, a gaisa hannu da hannu a sha ruwa da moɗa ɗaya, kuma ta ina za ka fara ce ma ƙanwar kakarka kar ta shiga? Ranar da na gwada cewa anka yi 'yar boko ta fara ƙyamar dangi. Baba Malam ne ya fisshe ni, shi da kansa ya kawo hadisin nan da anka hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya, ya ce duk mai mura ya yi gaisuwarsa ta waya lada na nan. Da ta fito daga bakinsa ba wanda ya ce uffan. Sai munka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa can ake karɓar baƙi, ɗaki kuwa mutum biyu su shiga su yi addu'a su fito. Na lura in ka ce ma baƙo don kar shi ya kwasa ne kake jin tsoro ya fi saurin yarda, shi tsohon ma bai jin an guje shi.

Jikoki ma haka, tunda da yawansu ɗakin kaka suke kwana. Yanzu yaro na fara atishawa sai ya koma ɗakin uwarsa har ya warke, don mura tana yaɗuwa tun kwana ɗaya kafin alamarta ta fito kuma kwanakin farko sun fi zafi. Kowane tsoho da kofinsa da cokalinsa da tawul, na Inna ja na Hajiya Ƙarama shuɗi. Masu kaki na ba su gwangwani mai murfi da yashi ciki, kullum a zubar a masai, da can kusurwar ɗaki ake tofawa. Takunkumi kam sun ƙi, wai yana shaƙe su, sai ni nake sawa in ina da mura ko in zan shiga wurin mai tari.

Wani abu da Gwaggo ta koya min, tsoho na iya samun nimoniya jikinsa bai yi zafi ba. Sai dai ka ga ya daina cin abinci, yana yawan barci, yana rikicewa ya kira ka da sunan wanda ya rasu, ko ya faɗi a banɗaki, mutane su ce tsufa ne ko iska. Ni numfashi nake ƙirgawa, in yana kwance ya kai 25 a minti ɗaya ba jira sai asibiti. Munka haɗa kuɗi munka sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa mai auna iskar oksijin a jini, in ta nuna ƙasa da 92 ko da dare ne a nemo mota. Na kuma hana a aika yaro kemis ya sayo kafso, maganin ƙwayoyin bakteriya bai yi ma mura komai, likita ne zai faɗi in ana buƙatarsa.

Tarin da ya wuce sati 2 kuma wani zance ne daban. Baiwar Allahn nan ta daɗe tana tari tana ramewa da zufar dare, kowa na cewa tarin tsufa ne ana ta citta da zuma da lemun tsami. Da munka kai kakinta gwaji sai ga tarin fuka. Gwajin kyauta ne maganin ma kyauta, wata 6 ana sha ba fashi, kuma anka ce duk wanda ke zama da ita ya zo a duba shi har ni. Ta yi kuka ta ɗauka korarta za a yi, sai munka mai da ta ɗakin da ke da taga biyu kusa da nawa, ni ke ba ta maganin da hannuna kowace safiya, bayan 'yan makonni likita ya ce haɗarin yaɗawa ya ragu sosai ta koma hira da su Inna.

Wanda har yanzu ya gagare ni Baba Malam ne da sallar asuba. Duk sanyi duk hazo sai ya tafi masallaci, sahu a matse kowa na tari. Iyakar abin da ya yarda da shi ya tafi da dardumarsa, ya ja rawani ya rufe hanci, ya tsaya gefen taga, in shi ke da murar kuma ya yi a gida. Bana ma da ƙyar ya yarda da ta ƙarshen, sai da na haɗa shi da liman.