Daga Taiwan zuwa Kakuri: abin da aikin tace ruwa ya koya mini

A shekarar 2020 guguwar teku ba ta sauka a Taiwan ba ko sau ɗaya. Mu nan da sai mu ce an huta da bala'i, amma su can da ruwan wannan guguwar madatsunsu ke cika. Shekara na zagayowa suka faɗa farin da rabonsu da irinsa fiye da shekara 50. A birnin Taichung sai da aka riƙa rufe famfo kwana biyu a kowane mako. Gwamnati ta tsayar da ban-ruwa a gonaki kimanin hekta dubu 74, galibi na shinkafa, ta biya manoma diyya su haƙura da noman bana. Masana'antun da ke ƙera cif, wato ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta da mota, an ce su rage shan ruwa, sun kuma rage, amma ba su tsaya ba. TSMC, babbansu, hayar tankoki ya yi ana yi masa jigila.

Ni ba masanin lantarki ba ne. Aikina kula da injin tace ruwa a wani kamfanin ruwan leda a kudancin garin Kaduna, kuma a wani gajeren kwas da na yi a Mando malaminmu ya ba mu wannan labari a matsayin jinga. Abokan karatu suka yi ta dariya, wai ina ruwan biri da gada, mu da ko wuta ba ta ishe mu ba. Ni dai da na fara karantawa sai na ga aikina ne sak, girma kawai ya bambanta.

Ana ƙera cif ne a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300. Faifan nan yana bin matakai ɗaruruwa: a shafa masa sinadari, a haska masa zane, a cinye wani sashe da asid, a goge, a sake. Tsakanin matakan nan wanka ake yi masa. Zanen da ke kansa da nanomita ake auna shi, alhali silin gashi ɗaya ya haura nanomita dubu 50, saboda haka ƙurar da ido ba zai taɓa gani ba ta isa ta kashe cif. Ruwan da muke alfahari da shi a leda, a wurinsu datti ne. Sai an bi da shi ta injin R.O. irin namu, mai matsa ruwa ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi, a haska masa fitilar kashe ƙwayoyin cuta, a zare masa gishiri da ma'adinai da iskar da ta narke a ciki, har ya kai ba ya ko ɗaukar lantarki sosai. A lissafin da aka saba yi, kafin a sami galan 1,000 na irin wannan ruwa sai an zuba galan 1,400 zuwa 1,600 na ruwan famfo.

Wannan ragowar ita ce darasin farko, kuma duk mai aiki da R.O. ya san ta. Injin bututu biyu gare shi. Ɗaya ke fitar da ruwan da za a sayar, shi ake nuna wa baƙo, a ɗebo a kofi a ɗaga masa ya ga haske. Ɗayan yana baya, shi ke ɗauke da duk gishirin da aka tace, kuma a yawancin ƙananan kamfanoninmu kwata yake faɗawa dare da rana. Tsabta da ruwa ake sayen ta, iyakar tsabtar da kake so iyakar abin da za ka zubar.

TSMC shi kaɗai a Taiwan yana shan fiye da tan dubu 150 na ruwa a rana. Na zauna na mayar da shi jarka mai lita 25, ya ba ni jarka miliyan 6. In kurar ɗan ga-ruwa na ɗaukar 12, kura dubu 500 ke nan kullum safiya.

Amma yawan ba shi ne ya fi tsaya mini a rai ba, kuma a nan dole a yi wa kamfanonin adalci. Suna cewa noma ya fi su sha nesa ba kusa ba, gaskiya ne kuwa: a Taiwan da jihar Arizona ta Amurka, kusan kashi 70 cikin 100 na ruwa gona yake tafiya. Suna sake sarrafa fiye da kashi 80 na ruwan wankin nan, kuma a 2022 TSMC ya buɗe matatar da ke mayar da ruwan da aka riga aka yi aiki da shi ya koma layin ƙira a Tainan. Duk wannan ba ƙarya. Sai dai a shekarar da ruwa ya wadata babu mai tambayar kason kowa. Ran da ya yi ƙaranci ake gane jerin gwanon, wa za a fara rufe wa, wa za a bari har ƙarshe. Kuma wannan jeri ba ranar fari ake tsara shi ba, tun ranar da aka ba da fili aka sa hannu.

Arizona ta nuna haka. Hamada ce, kamfanin cif na Intel ya daɗe a garin Chandler, TSMC ya sanar da tasa masana'antar a Phoenix a 2020 da dala biliyan 12, kuɗin da ya yi ta hawa har ya kai biliyan 165 a 2025. A tsakiyar wannan gini, a Agustan 2021, gwamnatin Amurka ta ayyana ƙarancin ruwa a Kogin Colorado karo na farko a tarihi, aka yanke wa Arizona kimanin kashi 18 na rabonta. Manoman gundumar Pinal ne suka fi ɗaukar dukan. Ba masana'antun suka kawo farin ba, amma ba su aka ce su bar gona ba.

Na ga ƙaramin samfurin wannan a layinmu. Wajen watan Maris, lokacin da rijiyoyin unguwa suka fara ba da laka, wani dattijo maƙwabcinmu ya same ni a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna kwatar da ruwanmu ke gudu a ciki garau, ya ce, "Ɗana, wannan da kuke zubarwa, haramun ne a yi wanki da shi?" Na ce, "A'a Baba, sha ne dai ban ba da shawara ba." Ya ce, "To gugana tun Asuba yake dawowa wayam." Burtsatsenmu ya fi rijiyarsa zurfi, famfonmu ya fi gugansa ƙarfi, shi ke nan jerin gwanon ya tsaru ba tare da kowa ya yi zama a kai ba. Da na kai maganar gun mai kamfani, ya amince aka sa tanki da kan famfo a waje, mata na ɗiba su yi wanki, masu buga bulo ma suna zuwa. Kwata ta bushe, rijiyar Baba dai ba ta dawo ba sai da damina.

Kaduna ba baƙuwar wannan ba ce. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, an yi shekaru ana jan ruwa don rini da wanki, ragowar tana bin magudanar Kakuri da Makera zuwa Kogin Kaduna. Dattawan wajen har yau suna ba da labarin yadda ruwan kwata ke sauya launi gwargwadon atamfar da ake bugawa. Masaƙun sun rufe, kuma babu mai son su dawo kamar ni. Shi ya sa duk sanda na ji ana albishir da sabuwar masana'anta, ko cibiyar adana bayanan intanet, bayan tambayar mutum nawa za a ɗauka aiki nakan so a ƙara biyu: daga ina za ta sha, kuma in madatsar ruwan Kangimi ta ja baya a watan Afrilu, wa za a rufe wa?

Wurin da ya fi burge ni Kumamoto ne a Japan, inda TSMC ya buɗe masana'anta a Fabrairun 2024. Birnin kusan gaba ɗaya da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa, mutanen wurin kuwa ba sa wasa da shi. Tun 2003 kamfanin Sony ya fara tallafa wa manoma su cika fadamun shinkafa da ruwan kogi a lokacin da ba a noma, ruwan ya tsuma ƙasa ya maye abin da aka zuƙa, sabuwar masana'antar ma ta shiga tsarin. Ana iya yin haka ne don an san lita nawa kowa ya ja. Mu nan burtsatsen kamfanoni birjik daga Rigasa har Sabon Tasha, kuma a duk waɗanda na shiga da wuya ka ga mita a bakin ramin. Namu ma babu. Na rubuta a saya, Alhaji ya duba farashin ya ce, "Injiniya, a bari sai bayan Sallah."