Asabar a ƙofar gidan Kawu

Jiya da daddare muka iso daga Dutse, amma kafin a idar da sallar asuba labari ya zaga gari cewa Honarabul, wato Kawu, ɗan majalisar dokokin jihar Jigawa, ya kwana a gida. Ina buɗe zaure na tarar tabarmi sun cika, wasu har a gindin darbejiya. Ni ne mai riƙe littafi, don haka kowa ni yake fara yi wa murmushi.

Buƙatun dai na kullum ne. Mai takardar magani, mai suna ranar Talata ba rago, mai ɗa da ya ci jarabawa ba kuɗin rajista, matasan da ke son rigunan ƙwallo. Wata tsohuwa ta zo da jikarta, ta ce tuƙa-tuƙar unguwarsu ta lalace tun kafin azumi. Kawu ya durƙusa ya gaishe ta, "Inna, ai da kin aiko, ni zan zo." Ta ce, "Ɗan nan, aike ba ya ganin idon mutum." Aka yi dariya, ya ce in rubuta ta a sama.

Mutane suna ganin kamar rumbun kuɗi yake kwana a kai. Ni da nake ganin shigar albashin da fitarsa na san kafin tsakiyar wata an fara cin bashi, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023, zuwa Dutse da dawowa kaɗai ya zama abin lissafi. Ba kare shi nake ba, yana da mota mai kyau, ya kuma ƙara aure bayan zaɓe. Amma mutumin nan malamin firamare ne shekara da shekaru, ya yi hedimasta, ya yi kansila, kafin a ba shi takara a zaɓen 18 ga Maris 2023. Rabin masu zaman zauren nan shi ya koya musu baƙi da wasali, shi ya sa ba ya iya cewa babu.

Wajen hantsi dattawan ƙauyukan bakin kogi suka iso, su ne suka tsaya min a rai yau. Ba su roƙi ko sisi ba. Babbansu ya ce, "Ranka ya daɗe, kacalla ta cinye mu." Ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwan Kogin Haɗeja, ruwa ya bar inda ya saba bi ya kwanta a gonaki, tsuntsayen jan-baki kuma sun samu maɓoya a cikinta, shinkafa na fitar da kai su sauka. Masunta ma kwale-kwalensu ba ya ratsawa. Ya tuna masa ambaliyar 2022, lokacin da mutane suka koma kwana a makarantu da bakin titi.

Kawu ya yi shiru, sannan ya faɗa musu gaskiya. Ya ce ya tashi a zauren majalisa ya kawo ƙuduri, abokan aikinsa sun goyi baya, amma ƙuduri kira ne kawai ga ɓangaren zartarwa. Madatsun Tiga da Challawa kuma, masu sako ruwa cikin kogin, suna Kano, a hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, ta tarayya. Shi ɗaya ne cikin mutum 30 a majalisar Jigawa. Inda yake da ɗan ƙarfi shi ne lokacin kasafin kuɗi, in an zo kwamiti, ya matsa a sa kuɗin yashe kogi, ya kuma bi sawu a sake su. Dattijon ya ce, "To mu dai kai muka sani, ba mu san kwamiti ba." Ban ga laifinsa ba. Wanda ya yi layi a rana ya dangwala maka, kai zai tambaya.

Bayan azahar gaisuwar mutuwa biyu, ɗaurin aure ɗaya, ko'ina da ambulan. Mota ta kafe a taɓo a hanyar dawowa, yara suka tura, su ma aka sallame su.

Da magariba shugabannin jam'iyya na mazaɓu suka shigo, aka rufe ƙofa. Zancen 2027 ne. An ce wani ɗan kasuwa daga Abuja ya fara raba wa daliget babura. Su waɗannan ba ruwansu da ƙudurin da ka kawo ko zaman kwana 181 da tsarin mulki ya wajabta wa majalisa a shekara. Abin da ya shiga aljihu suke ƙirgawa. Da suka fita na ga fuskar Kawu ta canja.

Ya ce in ware takardar dattawan kogi daban, in buga ta a kwamfuta ranar Litinin, in haɗa da hotunan gonakin, zai kai wa shugaban kwamitin muhalli da hannunsa. Mai gyaran tuƙa-tuƙa kuma ya ce sai Laraba, wai sai ya je Kano sayo kayan.