Yaro da kwano a hannu: daga ɗaukar hoton sai kuma me?

Duk ranar da jarida ta ce za ta yi labarin 'yan gudun hijira, tun kafin ka buɗe ka riga ka san hoton da zai tarbe ka. Yaro ne ba riga, ko kuma rigar ta yi masa yawa, ƙura ta yi masa furu-furu, ga kwanon roba a hannu yana kallon kyamara. In an yi arziki a rubuta sunan sansanin a ƙasa, in ba haka ba sai dai ka ga "wasu yara 'yan gudun hijira", shikenan an gama da shi. Wani hoton ma yawo yake yi, yau ka gan shi a labarin Borno, bayan 'yan watanni ka gan shi a labarin Zamfara, har ka rasa gane yaron nan ɗan ina ne, kuma ba mamaki yanzu ya yi gemu.

Ba wai cewa nake a daina nuna wahala ba fa, kar a fahimce ni a baibai. Gani ya kori ji. A watan Yunin 2016 da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka samu shiga garin Bama na jihar Borno, sun tarar da mutum kusan 24,000 a cikin harabar wani asibiti, yawanci yara, sun ƙirga kaburbura 1,233 a kusa da sansanin, 480 a ciki na ƙananan yara ne. Ba don an buga wannan labarin ba, an nuna yaran da aka kwaso zuwa Maiduguri duk ƙasusuwan haƙarƙarinsu a waje, da manya sun ci gaba da cewa komai lafiya lau. Wannan aikin jarida ne na gaske kuma ya ceci rayuka. Abin da ke damuna shi ne jarida ba ta son yaron sai a ranar da ya fi kowace rana muni a rayuwarsa, washegari ta tattara kayanta ta yi gaba, kuma ko a ranar ma ba shi ake tambaya ba, wani babba ne ke magana a madadinsa.

Abin ba yau aka fara ba. A 1993 wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Kevin Carter, ya ɗauki hoton nan da kusan kowa ya taɓa gani, ɗan yaro ya durƙushe a ƙasa don yunwa ga ungulu a bayansa tana jira, a garin Ayod na kudancin Sudan. New York Times ta buga, a 1994 aka ba shi kyautar Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka. Duniya gaba ɗaya ta yi ta cewa yarinya ce, masu karatu suna ta tambaya ko ta rayu, jaridar da kanta ba ta da cikakkiyar amsa. Sai a 2011 wata jaridar Sifen, El Mundo, ta tura aka je garin aka nemo mahaifin, ashe namiji ne, sunansa Kong Nyong, kuma ya tsira daga waccan yunwar har ya girma, zazzaɓi ne ya yi ajalinsa a 2007. Ka duba fa, shekara 18 ana koyar da hoton a makarantun aikin jarida ana ta muhawara a kan ungulun da mai kyamarar, ba a ma san mace ne ko namiji ba.

To a nan gida akwai wani nau'in hoton da ya fi wannan ba ni haushi, wato na ranar rabon kaya. Duk wanda ya taɓa halartar irin wannan taron ya san tsarin. Tun hantsi an jera yara a rana an koya musu waƙar maraba, an jibge buhunan shinkafa da katan-katan na taliya da jarkokin mai an lulluɓe da bana mai hoton mai bayarwa, ana ta jira har azahar ta gota kafin jiniya ta iso. Mai girma ya sauko, a zaɓo yarinya ɗaya mai ɗan kyan gani a miƙa masa ya ɗauka, a ɗora wa wata tsohuwa buhu a gabanta ya dafa, kyamarori su yi ta walƙiya, minti ashirin an watse. Gobe ka karanta labarin: sunan mai bayarwa da duk sarautunsa, adadin buhuna, jawabin shugaban sansani yana godiya yana roƙon sauran masu hannu da shuni su yi koyi. Yaran da suka wuni a rana kuwa ado ne kawai a bayan hoto. Ba wanda zai koma bayan sati biyu ya ga buhunan nan nawa suka shiga tukunya nawa suka ɓulla a kasuwa.

Kuma in za a yi adalci ba laifin ɗan rahoto ba ne shi kaɗai. Mutumin da ake bin sa bashin haya, albashinsa wata da watanni bai fito ba, da wane kuɗi zai je Monguno ko Ngala ko Rann da ƙafarsa? Wuraren nan an daɗe ba a zuwa sai a jirgi mai saukar ungulu na Majalisar Ɗinkin Duniya ko da rakiyar sojoji, shiga sansanin ma sai da izini. Don haka wanda ya ɗauke ka a motarsa, ya ba ka ɗan kuɗin mota a ambulan, ya miƙa maka takardar sanarwa a rubuce, shi ne ya zaɓa maka abin da za ka gani. In gwamnati ce ta nuna maka yara suna murmushi, in ƙungiyar agaji ce da ke neman tallafi daga Turai ta nuna maka ɗakin masu tamowa, inda ake zagaya ɗan tef ɗin nan mai launi uku a damtsen yaro ya tsaya a kan ja, uwar tana matsa masa abincin gyaɗar nan na cikin leda a baki. Duka biyun gaskiya ne, amma duka biyun akwai mai buƙata a bayansu, kuma ba yaron ba ne.

Sai fuska ta uku, wadda ita ce mafi haɗari, wato yaro a matsayin abin tsoro. A watan Agustan 2017 UNICEF, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce daga farkon shekarar an yi amfani da yara 83 wajen kai harin bam a arewa maso gabas, 55 mata ne, akasari ba su kai shekara 15 ba. Kanun labaranmu kuwa "yarinya 'yar ƙunar baƙin wake ta hallaka mutum kaza", kamar ita ta zauna ta tsara abin, alhali sato ta aka yi aka ɗaura mata. Sakamakon haka duk yarinyar da ta fito daga daji da hijabi sai a riƙa ja da baya da ita a tasha da kasuwa da bakin masallaci. Samarin kuma nasu ya fi muni, alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna sojoji sun tsare yara sama da 3,600, maza da mata, tsakanin Janairun 2013 da Maris 2019 bisa zargin alaƙa da Boko Haram, da yawa a barikin Giwa da ke Maiduguri, kuma a jarida "waɗanda ake zargi" kawai ake kiransu, ba a cika faɗar shekarunsu ba.

Turawa ma da muke ganin sun fi mu iya aikin ba su tsira ba. Ranar 2 ga Satumban 2015 teku ta turo gawar Alan Kurdi, ɗan ƙaramin yaro ɗan Siriya da bai wuce shekara uku ba, bakin gaɓar Bodrum a Turkiyya, da jar rigarsa da ɗan gajeren wando. Jaridun Ingila da suka yi wata da watanni suna zagin masu tsallaka teku suka saka shi a shafin farko suna kuka. Shekara ɗaya kacal bayan nan, Oktoban 2016, da aka kawo Ingila wasu yara da ba sa tare da iyayensu daga sansanin Calais na Faransa, wasu daga cikin jaridun nan suka riƙa buga fuskokinsu ƙuru-ƙuru suna tambaya wai waɗannan yara ne ko ƙarti, har wani ɗan majalisa, David Davies, ya ce a duba haƙoransu a gane shekarunsu. Wato tausayin jarida yana da iyakar tsawo, muddin kana ƙarami, ba ka magana, in son samu ne ma ka mutu, to kai abin tausayi ne. Da zarar murya ta fara buɗewa gashin baki ya fara tsiro ka koma matsala.

Abin da ni nake so in karanta kuma ba na samu shi ne abin da ke faruwa a tsakani, shekarun nan masu tsawo da ba bam ba rabon shinkafa. An buɗe sansanin Minawao a arewacin Kamaru, kusa da Mokolo, a 2013 saboda mutanenmu da suka gudo daga yankin Gwoza da Bama da kewaye. Jaririn da aka haifa a can a shekarar farko yanzu ya isa shiga sakandare, bai taɓa ganin Najeriya ba, karatun da ya yi na tsarin Kamaru ne, to in aka ce a koma gida, kamar yadda aka fara mayar da wasu Banki da Bama a 2021, wane aji za a saka shi, wace takardar haihuwa zai nuna, shi a ransa ina ne gida? Wannan labari ne babba wallahi, kuma ba ya buƙatar hoton haƙarƙarin kowa, zama kawai yake so da yaron na awa ɗaya da yarensa. Haka da gwamnatin Borno ta rufe sansanonin cikin Maiduguri, irin su Bakassi a ƙarshen 2021, an ba mu labarin jawabi da kuɗin sallama da motocin da suka kwashi mutane, amma yaran da ke tsakiyar zangon karatu a makarantun sansanin, nawa ne suka ci gaba a inda aka kai su?

Sannan akwai waɗanda kyamara ba ta ma ganinsu kwata-kwata saboda ba su da tanti. Akasarin waɗanda rikici ya kora ba a sansani suke ba, suna raɓe a gidajen 'yan'uwa da kangaye da makarantun da aka daina amfani da su. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, musamman wajen Gidan Runji, Hausawa suka sauka a gidajen Hausawa, kayansu iri ɗaya yarensu iri ɗaya, ba wani farin tanti mai tambari da zai yi kyau a hoto, don haka labarinsu bai yi nisa ba. Waɗanda suka tsaya a Gusau da Katsina da Sakkwato kuma sai ka ji an haɗa su da mabarata, a yi rahoton "yawaitar bara a titi" ba tare da an tambayi yarinyar da ke goye da ƙaninta a bakin danja daga wane ƙauye aka koro su ba.

Batun fuska da suna ma abin a duba ne. Ƙa'idar aikin jarida ta Najeriya da aka amince da ita a Ilori a 1998 ta hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai 16 ba a lamarin fyaɗe ko aikata laifi, amma ka tuna yadda aka riƙa nuna 'yan matan da aka ceto daga Sambisa da ciki ko da goyo, fuska a buɗe, sannan su koma cikin mutanen da ke nuna su da baki ana cewa matan Boko Haram. Edita yana Abuja ya manta, ita kuwa da hoton za ta rayu har ranar da za a zo neman aurenta. Izinin ma da ake cewa an nema, wane irin izini ne? Uwa ce da ba ta jin Turanci, wata ko Hausar ma kame-kame take yi don Kanuri ko Shuwa ko yaren dutsen Gwoza take ji, ta ga baƙo da rigar ƙungiya da kyamara, a tunaninta in ta ƙi za a cire sunanta daga katin abinci. Dole ta ce to. Yanzu kuma ga 'yan Facebook da TikTok sun shigo, kowa da wayarsa, a ɗauki yaro mara lafiya tsirara a manna lambar akawun a ƙasa, su ko editan da zai ce a rufe fuska ba su da shi.

Akwai masu ƙoƙari, ba zan ƙi faɗa ba. Fati Abubakar, mai ɗaukar hoto, ta fara shafin Bits of Borno a Instagram tana ɗaukar 'yan Maiduguri yadda suke a kullum, yara a hanyar makaranta, 'yan mata da kwalliyar sallah, masu wasa a kan titi, kuma ta rubuta abin da mutum ya faɗa da bakinsa. HumAngle, jaridar intanet da Ahmad Salkida ya kafa a 2020, sukan bi labari ɗaya su koma masa bayan lokaci, abin da manyan jaridu ba su cika yi ba. Rediyo ma yana da damar da takarda ba ta da ita, don murya ake ji ba fuska, yaro zai iya faɗar abin da ke ransa ba tare da an tona masa asiri ba, sai dai su ma sau tari shugaban sansani ko jami'in hukuma suke miƙa wa makirfo.

Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane ke ta kwarara garin Adre na gabashin Chadi, mafi yawansu mata da yara, a yankin da dama akwai sansanonin 'yan Darfur da aka kafa sama da shekara ashirin da suka wuce, waɗanda aka kawo a goye a wancan lokacin yanzu su ne iyaye. In da ni ke da tebur a ɗakin labarai, su zan tura a fara nema, a tambaye su makarantar da suka yi ta kai su ina, sannan duk ɗan rahoton da ya kawo min hoton yaro sai ya rubuta min a littafi inda za a same shi, don baɗi war haka shi zan sake turawa, kuma kuɗin motar daga aljihun jarida zai fito.