Yau a filin ƙwallo na Lafiya

Yau na je kallon Nasarawa Amazons a gasar ƙwallon mata ta Nijeriya, wato NWFL. Ana cikin wasa wata 'yar baya ta faɗi, gwiwarta ta ƙuje har da jini. Ta miƙe, ta ja safa ta rufe wurin, ta ruga ta tare ƙwallon da ta kusa shiga raga. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na waiga, kujeru wayam.

Alhali mu ne muka cika gidajen kallo da ihu ranar da Super Falcons, 'yan ƙwallon matan ƙasarmu, suka doke Maroko 3-2 suka ɗauki kofin Afirka na 10 a 2025. Tauraruwarsu Asisat Oshoala ma ta Rivers Angels ta bi, ƙungiyar da ke cikin wannan gasa ta NWFL. Yarinyar nan da ta faɗi ta cancanci tafi fiye da wanda muka yi mata yau.