Salansa shida a gefe ɗaya

Lokacin da nake karatu a Ingila, na samu ɗan aikin ƙarshen mako a shagon wani dattijo mai sayar da tsofaffin hotuna da takardu. Aikin bai taka kara ya karya ba. In ɗauko hoto daga kwali, in kaɗe masa ƙura, in shigar da shi kwamfuta, in rubuta bayaninsa a kati. Duk abin da na tarar a rubuce a bayan hoto shi nake kwafa in wuce na gaba. Nakan yi wajen hamsin a wuni, har ina yaba wa kaina saurin hannu.

Wata Asabar na ci karo da wani hoto baƙi da fari, bai fi tafin hannu ba, kusurwarsa ɗaya ta karye. Motar tsere ce mai ƙyalli, tayoyinta a waje, hancinta gajere, bayanta dogo kamar na kifi. Ta taso kan wani ɗan tudu, 'yan kallo sun yi dafifi a bayan shinge. A bayan hoton an rubuta da fensir: Rosemeyer, Donington, 1937. Na ji daɗi, domin sunan yana da kuɗi a kasuwar nan. Bernd Rosemeyer, direban tsere ɗan Jamus, shi ya lashe tseren filin Donington da ke Ingila na watan Oktoba 1937 da motar kamfanin Jamus mai suna Auto Union, masu tara irin waɗannan hotuna kuwa ba sa taya nasa da wasa. Na cika kati, na kai wa dattijon ina murmushi.

Ya duba hoton, ya duba katin, ya ce, "Ka ƙirga?"

Na ce, "Me zan ƙirga, maigida?"

Bai ba ni amsa ba. Ya zaro gilashin ƙara girma daga aljihun rigarsa ya miƙo mini, ya nuna bayan kujerar direba da ɗan yatsa, ya koma kan shayinsa.

A motocin Auto Union na wancan zamani injin yana bayan direba ne, saɓanin Mercedes abokiyar hamayyarsu da ke da shi a gaba. Ba su da doguwar salansa irin wadda muka sani. Kowace silinda da ɗan gajeren bututunta da ke leƙowa ta gefen murfin inji yana kallon sama. Na kifa gilashin na fara ƙirga. Karon farko na samu bakwai, abin da ba zai yiwu ba. Sai da na karkata hoton wajen hasken taga na gane na bakwan ɗin ƙarzuwa ce a jikin takarda. Na sake bi a hankali da bakin fensir, ban taɓa hoton ba. Shida. Na ƙirga sau uku, shida dai.

Shida a wannan gefe, shida a wancan, silinda 12 ke nan. Motar da Rosemeyer ya tuƙa a 1937, wadda ake kira Type C, silinda 16 gare ta, lita 6, ƙarfin doki wajen 520, ƙirar Ferdinand Porsche. Da ita ce, takwas zan gani. Mai silinda 12 ita ce Type D, kuma ba ta zo duniya ba sai 1938, da aka canja dokar tsere. Daga 1934 zuwa 1937 nauyi aka ƙayyade, kada mota ta wuce kilo 750, girman inji kuwa kowa ya yi abin da zai iya. A 1938 aka ce duk injin da ke da famfon ɗura iska kada ya wuce lita 3. Shi ya sa Robert Eberan von Eberhorst, wanda ya karɓi aikin bayan Porsche, ya ƙera ƙaramin inji. Rosemeyer kuwa ya rasu ranar 28 ga Janairu 1938, a kan babbar hanyar Frankfurt zuwa Darmstadt, yana ƙoƙarin kafa tarihin gudu. Na ɗora mamaci a kan motar da bai taɓa yin tsere da ita ba.

Kunya ta kama ni, kuma ba ta dattijon ba. Ni ɗan bakanike ne, na tashi a garejin mahaifina a Kano ina miƙa sifana tun tsayina bai kai in leƙa cikin bonet ba. Baba bai taɓa yarda da maganar mai mota a kan ciwon motarsa ba. Zai saurare shi har ya gama, ya ce "to, madalla", sannan ya kwance fulogi ya duba launinsa. Ga ni, inji a gabana tsirara, na bar shi na bi rubutun wani da ban san ko wane ne ba, ban san yaushe ya rubuta ba.

Dattijon ya ja mini kunne a kan ƙirgar ma. Ya ce ba kowane inji ne bututunsa ke faɗin gaskiya ba. Tsohon injin Ford mai silinda takwas, wanda ya fito a 1932, ƙofar hayaƙi uku ce a kowane gefe, domin silinda biyun tsakiya sun haɗa ɗaya. Wanda ya ƙirga ya tsaya nan zai ce shida ce. Saboda haka sai a nemo shaida ta biyu. Ta biyun tana tayoyin baya. A Type C, idan mota ta taso kan tudu nauyi ya bar ta, tayoyin baya sukan karkace, ƙasansu ya shigo ciki, saboda yadda aka ɗaura su. A Type D an canja ɗaurin, sun fi tsayawa sak. A hotonmu a miƙe suke. Direban ma bai matso gaba sosai kamar yadda yake a Type C ba.

Daga nan zumuɗi ya ɗebe ni. Tunda 1938 ce, ai Tazio Nuvolari ne, ɗan Italiyan da ya lashe tseren Donington na shekarar, bayan ya buge barewa a wajen gwaji ya kuma shiga tseren da ciwonsa. Har na yage katin farko na fara rubuta sunansa. Dattijon ya dafa hannuna.

"Ka ga fuskarsa?"

Ban gani ba. Hula ce da tabarau da inuwa, duk kan bai fi ƙwayar gero ba. Auto Union ba mota ɗaya ta kawo ranar ba, Hermann Müller ma ya tuƙa irinta, lambar da ke jikin motar kuma hasken rana ya cinye ta. Na gudu daga wani babban suna ne kawai na faɗa wani, don ina son hoton ya zama na shahararre. Wannan ya fi kuskuren farko ci mini rai, domin wancan ganganci ne, wannan kuwa kwaɗayi.

Saura wurin. Hannun da ya yi kuskuren shekara shi ya rubuta Donington, to me zai sa a yarda da shi? Muka koma bayan 'yan kallo. Akwai allon talla da rabin kalmar Turanci a jikinsa, mutanen kuma sun sha manyan kwat da huluna irin na lokacin kaka. Sau biyu kacal motocin Jamus suka zo tseren Donington, 1937 da 1938. Na 1939 bai yiwu ba, yaƙi ya ɓarke a watan Satumba. Wannan karon shaida ta goyi bayan mai fensir.

Kati na uku na rubuta: Auto Union Type D, silinda 12, lita 3, Donington, Oktoba 1938, ba a tantance direba ba; rubutun baya ya ce 1937, kuskure ne. Dattijon ya karanta, ya sa masa farashin da bai kai rabin abin da sunan Rosemeyer zai kawo ba, ya tura mini kwalin da na gama makon jiya, ya ajiye gilashin a kansa. Ranar hotuna tara na yi.